Jitar da Inna Eufemia Ta Zaɓa

Solingen, 12 ga Janairu, 1969

Zuwa ga Inna Eufemia,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan da ta hana ki sakat. Ni ma lafiya lau nake, sai sanyi. Rabona da ganin rana tun watan Oktoba. Aiki kuma yana nan yadda yake, wasa bakin almakashi a masana'antar nan ta Jamus daga safe har yamma, ran Asabar ma sai mun yi rabin yini.

Na san na daɗe ban rubuto ba, tun bayan rasuwar mahaifiyata. Ki yafe mini. Ke da ita 'ya'yan wa da ƙane ne, amma yau ba ni da wata uwa a Granada sai ke.

Inna, wata alfarma nake nema. Mu 'yan gida, mutanen yankin Andalus, da ke wannan masana'anta muna da ƙungiya, muna haɗuwa ran Lahadi a wani ɗaki bayan coci. An shirya babban biki ranar waliyyi San Juan, ashirin da huɗu ga Yuni, da waƙa da rawa. Masu waƙa muna da su, masu tafi har sun yi yawa, makaɗin jita ne babu sai ni. To amma na gaya musu yatsuna ba sa taɓa jitar da inji ya yi, irin ta kantunan nan, sai wadda aka haɗa da hannu a Granada. Da suka ji haka sai kowa ya sa hannu a aljihu. Ban roƙe su ba, na ma hana su suka ƙi. Kuɗin na tafe ta gidan waya da sunanki.

Yanzu haka mutum bakwai ne tsaye a kaina ina rubutu, duk suna gaishe ki. Musamman Don Crisanto, shugaban ƙungiyar, mutumin Lucena, da 'yarsa Araceli, wadda ke aiki a sashen zuba kaya cikin kwali. Ita ce ma za ta kai wasiƙar gidan waya.

Ki zagaya shagunan masu haɗa jita ki samo mini ta filamenko, kiɗanmu na gargajiya, fara, wadda dattijo gwani ya haɗa da hannunsa tun daga farko har ƙarshe. Kada ki yi sauri, Inna.

Ɗanki,
Baldomero

Granada, 29 ga Janairu

Ɗana Baldo,

Na samu wasiƙarka, na gode Allah da kana raye, don na fara tunanin ko Jamusawa sun wasa ka tare da almakashinsu. Gwiwa tana nan, ta ce a gaishe ka. Kasuwa sai a hankali, lokacin kankana bai yi ba, lemu da dankali nake taɓawa.

Kafin komai, yaushe ka koyi jita? Ni dai Baldon da na sani, a bikin auren Rosario sai da aka roƙe shi ya daina tafi saboda yana rikita mai rawa. Amma shekara tara da barinka gida ba kaɗan ba ce, mutum yana canzawa.

Wani ya dangwala babban yatsa mai maiƙo a ƙasan takardar, amma na karanta abin da ya rage: "ki yi sauri, Inna." Don haka ranar da ta iso na rufe rumfa da tsakar rana, na hau tudun Gomérez, titin masu jita, da gwiwar nan.

Shagon farko na masu sayar wa baƙi ne, jita a rataye tare da mafitai da 'yartsana masu jar riga. Na ce fara nake so. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in dawo jibi zai shafa wa ɗaya farin fenti, har da furanni in ina so. Saura kaɗan in yarda. Allah ya taimake ni na leƙa shago na biyu don in ji ta bakin wani. Mai shagon ya yi dariya har sai da ya zauna, ya ce fara ba fenti ba ne, itacen ne mai haske, sipires. Na ce wane sipires, wanda ke maƙabarta? Ya ce shi. Baldo, ka rasa abin da za ka rungume a ƙirji sai itacen da ke yi wa matattu inuwa? Na yi alamar gicciye, amma tunda kai ne gwani na yi shiru.

A can ne kuma aka kore ni. Ni ban san yadda ake gane jita mai kyau ba, sai na yi abin da na iya. Na riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, in kara a kunne in ƙwanƙwasa cikin da gaɓar yatsa, yadda nake yi wa kankana shekara talatin da biyar. Na gaya masa biyu ba su nuna ba, ɗaya kuma ta wuce nuna. Ya karɓe kayansa ya nuna mini ƙofa.

Shago shida na shiga cikin kwana huɗu. A uku daga ciki an ce mini in dattijo nake nema in gangara unguwar Realejo wurin Don Fulgencio Tovar, amma in sani ba shi da kirki. Gaskiyarsu. Shagon nasa bai fi ɗakin girkina ba, ba alama a ƙofa, sai warin gam da kanari a keji. Ko ɗago kai bai yi ba. Na ce jita na zo saya, ya ce shi ba ya sayar da jita, haɗa wa mutane yake yi, kuma masu jira sun kai na shekara biyu. Na ce ɗana babban makaɗi ne a Jamus. Ya ce Jamus ba ta da babban makaɗi. Kafin ya hana ni na ƙwanƙwasa wata da ke rataye, kuma Baldo, ban taɓa jin kankana mai wannan amo ba.

Ka gaya mini yadda zan yi. Ka kuma riƙa sa rigar sanyi.

Innarka,
Eufemia

Solingen, 9 ga Fabrairu

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri, ina lafiya. Wasiƙarki ta faranta mini rai ƙwarai, musamman batun Don Fulgencio. Shi nake so, ba wani ba. Ko shekara biyu ne, ko uku, zan jira. Na karanta wa 'yan ƙungiya ransu ya ɓaci, amma na ce musu haka harkar gwanaye take, bikin bana mu yi shi da tafi kawai.

Abin da na rubuta shi ne KADA ki yi sauri. Yatsan Don Crisanto ne ya cinye kalmar farko. Ki huta, ki kula da gwiwarki, ki buɗe rumfarki.

Jita kuwa a Melilla na koya, lokacin aikin soja, wurin wani kofur da ya riga ya rasu. Shi ya sa ba wanda ya sani a gida.

Ko da layi zai zo kanmu wata rana, ga sharuɗɗana, in ɗaya ya faɗi na fasa. Itacen ya zama ya shekara talatin yana bushewa. Ta zama marar nauyi, yadda yatsa biyu za su ɗaga ta. Tsirkiyoyin su kwanta kusa da wuya. Abin murɗa tsirkiya ya zama na itace, ba na ƙarfe ba. Araceli ce ta tuna mini da wasu daga ciki, tana da ɗan sani a kan abin ta wajen kakanta. Yarinyar kirki ce, Inna. In za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Ta ce ba abin da take ɗoki a duniya kamar ranar da jitar nan za ta iso.

Ɗanki,
Baldomero

Granada, 5 ga Maris

Ɗana,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Gwiwa ta yi sauƙi, ashe hawa da sauka ne maganinta.

Albishirinka, an fara jitarka ranar Litinin.

Ka ce kada in yi sauri, to ban yi ba. Zama na yi. Kullum in na tashi kasuwa sai in ɗauki 'yar kujerata da saƙata in tafi shagon Don Fulgencio in zauna bakin ƙofa, daga ciki. Ranar farko ya ce nan ba coci ba ne. Rana ta biyu ya ce ina tare masa haske. Ta uku na ba shi labarin aikin da aka yi wa maƙwabciyata Pura a ciki, tun daga ranar da ciwon ya fara. Matarsa ta rasu shekara shida ke nan, ba mai share wurin. Da na ɗauki tsintsiya ya zabura kamar zan sa wuta, wai ƙurar ma ya san inda kowace take.

A rana ta goma sha ɗaya na karanta masa sharuɗɗanka. Na zaci zai yi fushi, sai na ga ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce in maimaita. Ya ce duk wanda ya faɗi waɗannan ya san jita. Ka ga, har na ji kunyar shakkar da na yi maka.

Sannan ya ce, "Ke mai kankana, zo nan." Ya sauko da faifan itace uku sirara, irin waɗanda yake yin fuskar jita da su, ya jera a kan tebur. Ya ce in na nuna wanda ya fi, zai sa ka a gaban kowa, in na kuskure in ɗauki kujerata kada ya sake ganina. Na ƙwanƙwasa na farko, ya amsa kamar ƙofa. Na biyu ya yi daɗi, amma muryar ta mutu da wuri. Na uku yana da baƙin tabo a gefe, mummuna ne, amma da na taɓa shi sai da na ji amon a haƙorana. Na ce wannan. Sai ya zagi wani waliyyi da ba zan rubuta sunansa ba. Ashe wani likita na Madrid yake ɓoye wa faifan. Ya ce likita ya jira, ai shi ma yana sa mutane jira.

Sipires ɗin kuwa iska ce ta kayar da shi a shekarar da Don Fulgencio ya yi aure, shekara arba'in da ɗaya ke nan, ka ga har da ƙari a kan abin da ka nema. Ya rantse mini a gonar wani ne, ba a maƙabarta ba. Ban yarda ba, amma na karɓa.

Abu ɗaya yake so. Ka ɗora hannunka na hagu a kan takarda, ka baza yatsu, a zana da fensir, ka aiko da wuri, don da shi zai auna wuyan. Ya ce kafin ƙarshen Mayu za ta yi magana.

Innarka,
Eufemia

Solingen, 16 ga Maris

Inna,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, sai ciwon ciki da ya taso mini tun ranar da wasiƙarki ta zo. 'Yan ƙungiya sun ɗaga ni sama don murna. Don Crisanto ya sa an buga sunana a takardar sanarwar biki da manyan baƙaƙe, an manna ɗaya a ƙofar coci, ɗaya a ɗakin cin abinci na masana'anta.

Amma na yi tunani, anya an kyauta wa likitan nan? Bawan Allah ya daɗe yana jira. Ni zan iya haƙura. Sannan ta yaya ma jitar za ta iso? Gidan waya farfasa ta za su yi, 'yan kwastan na Faransa kuma an ce komai sai sun leƙa cikinsa da sukurudireba. Gara a bar ta nan har wata shekara.

Ga zanen hannun. Araceli ce ta zana, ta riƙe mini wuyan hannu har ta gama. Ita ce kuma za ta sa a ambulan ta kai.

Baldomero

Granada, 2 ga Afrilu

Baldo,

Ina gaishe ka, muna lafiya, amma kai ba ka da ita, ko me za ka ce. Na ga zanen hannunka na zauna na yi kuka. Me suke ba ka a ƙasar nan? Hannun da na sani irin na ubanka, mai kama da shebur, ya koma siriri, yatsu kamar na 'yar makaranta. Dole ciki ya yi ciwo. Na aika maka da cuku da busasshen ɓaure da man zaitun. Ka cinye kai kaɗai, kada ka raba wa mutum bakwai ɗin nan.

Don Fulgencio ya daɗe yana kallon takardar. Ya tambaye ni shekarunka da tsawonka, na gaya masa. Ya tambaya wa ke kai maka wasiƙa gidan waya, na gaya masa. Sai ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa, huɗu ne. Ya ce zai yi ta daidai wannan hannu, ko gashi ba zai ƙara ba. Na ce me ya ba shi dariya, ya ce in koma wa saƙata.

Batun likita ka bar shi, kai dai tun kana ƙarami zuciyarka ta yi taushi da yawa. Batun kawowa kuma an gama. Cayetano ɗan Pura shi ke tuƙa bas ɗin da ke kai ma'aikata Jamus. Jitar za ta zauna a kujerar gaba kamar mutum, da bargo, in 'yan kwastan sun tambaya ya ce tasa ce. Pura ba ta so ba, don tun da labarinka ya bazu ta daina yi mana gorin ɗanta direba.

E, ya bazu. Na gaya wa 'yan kasuwa, da mai burodi, da Fada Melchor. Fada ya ce in ka zo hutu a watan Agusta za ka kaɗa a filin coci don a samu na gyaran rufi, na ce an gama. Mai aski ya ce shi tun kana yaro ya ga alama.

Innarka,
Eufemia

Granada, 28 ga Mayu

Baldo,

Gaisuwa. Ni lafiya lau, kankana ta kusa shigowa. Kai kuwa wata biyu ke nan ko layi ɗaya babu. Ciwon cikin ne, ko ɓauren ne ya shaƙe ka?

An gama jitarka. Launinta kamar zuma, ba ta kai kaza nauyi ba, in ka kai hanci bakin ramin sai ka ji ƙamshi kamar an buɗe tsohon akwatin kaya. Ranar Asabar Don Fulgencio ya aika aka kira wani makaɗi daga unguwar Sacromonte, Curro mai ido ɗaya, ya zo ya gwada ta. Ya zauna a kujerata, ya murɗa nan ya murɗa can, sannan ya watsa yatsu a kanta. Ban san yadda zan gaya maka ba. Muryarta a bushe take, tana da kaifi, kamar macen da ta gama kuka ta fara faɗa. Kanarin ya yi tsit. Mai burodi ya tsaya a ƙofa da tire a ka, har mutane suka taru a bayansa. Ni kuwa mahaifiyarka na tuna, na ce da ma ta ga wannan rana, na jiƙe saƙata da hawaye.

Curro ya yi ƙorafi wuyan ya yi wa yatsunsa kaɗan, duk da haka ya roƙi a sayar masa, har yana kama rigar tsohon. Don Fulgencio ya ce tana da mai ita.

Bas zai tashi Asabar sha huɗu ga Yuni, ya iso muku Litinin. Kana da kwana takwas ku saba da juna. Ka rubuto.

Eufemia

Solingen, 3 ga Yuni

Inna,

Ina gaishe ki. Ba ni da lafiya, kuma ba ciki ba ne. A banɗakin masana'anta nake rubuta wannan, lokacin cin abincin rana, kuma da kaina zan kai ta gidan waya.

Inna, ban iya jita ba. Ban taɓa iyawa ba. Ba wani kofur, a Melilla dankali na yi ta ferayewa wata goma sha takwas.

Ga yadda abin ya faru. Wata Lahadi a watan Nuwamba ana zaune a ɗakin ƙungiya aka fara waƙa, sai wani ya ce abin da ya rage mana makaɗi ne. Wani ya ce ai ga ɗan Granada nan, duk ɗan Granada makaɗi ne. Araceli ta waigo ta dube ni. Shekara guda ina zama a kusurwar nan ba ta taɓa dubana ba. Sai na ji bakina ya ce e, ina taɓawa. Aka ɗauko wata tsohuwar jita ta coci, na ce ni sai ta hannu, ta Granada, don na ɗauka nan maganar za ta mutu. Sauran kin sani, don ke kika yi shi.

Na yi ƙoƙari. Na sayi littafin koyon jita na Jamusanci, na zana layi shida a kan katako ina gwadawa a ɗaki. Har yau ban san wane yatsa ke zuwa ina ba. Jiya na tsaya gaban dutsen wasa wuƙa ina kallon hannuna, ina tunanin wane yatsa ne zan fi iya rabuwa da shi, har sai da shugaban sashe ya taɓa ni ya ce lafiya.

Mutanen nan daga abin da suke aika wa iyalansu suka gutsura suka ba ni. Idan suka sani ba zan iya zama a garin nan ba. Araceli kuwa ba za ta sake dubana ba.

Don Allah ki hana jitar tahowa. Ki ba likita, ko Curro, ko ki ce wa Cayetano ya manta ta a Faransa.

Ɗanki marar kunya,
Baldomero

Granada, 10 ga Yuni

Baldomero,

Ina gaishe ka don al'ada ce. Lafiyata ƙalau take kafin wasiƙarka ta zo.

Yatsu goma 'yar'uwata ta haifa maka. In ka taɓa ɗaya, zan hau bas ɗin nan da kaina in zo in karya sauran.

Wata biyar ina hawa da sauka, daga Gomérez zuwa Realejo, da gwiwa ɗaya. An kore ni daga shago a gaban jama'a. Na ƙwace wa likita itace. Duk wannan don mai feraye dankali.

Na tafi wurin Don Fulgencio kaina a ƙasa in ba shi haƙuri. Ko ajiye aikinsa bai yi ba, ya ce shi tun Afrilu ya sani, kuma jitar ba ta yi asara ba. Na ce ya yi mini bayani, ya ce ba aikinsa ba ne. Ku maza duk halinku ɗaya.

Jita za ta tashi Asabar kamar yadda aka shirya, ba taka ba ce da za ka ce a manta ta. Kafin ta iso, ka wanke fuska ka sa rigarka mai kyau ka tafi gidan Don Crisanto ka faɗa da bakinka, a gaban yarinyar. In sun kore ka, ka dawo gida, rumfa tana bukatar mai ɗaukar kankana.

Eufemia

Solingen, 26 ga Yuni

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, ciwon ciki ya tafi, yatsu goma cif.

Na bi umarninki. Ran Lahadi na tafi gidansu na tarar sun gama cin abinci. Na tsaya a tsakiyar ɗaki da hula a hannu na faɗi komai. Don Crisanto yana ɓare lemu, bai ko dakata ba. Da na gama ya ce, "Yaro, wane makaɗi ne ke cinye farcensa har nama?" Ashe tun Nuwamba kowa ya sani. Mutum bakwai ɗin nan da suke tsayawa a kaina, zuwa suke su ga yadda nake gumi. Ƙungiya dama tana son jita, kuma an rasa wanda zai samo mai kyau, sai ga ni da inna a Granada. Suka ce a bar ni in yi ta zuba, a ga iyakata. Makaɗi kuwa sun yi niyyar ɗauko haya daga birnin Düsseldorf.

Ina tsaye ban san ko in yi kuka ko in gode ba, sai Araceli ta ce ba sai an ɗauko kowa ba. Ta ce wa ubanta zanen hannun da aka aika Granada nata ne, nawa ta jefa a murhu. Sharuɗɗan ma duk nata ne. Kakanta ya koya mata a Lucena tun tana 'yar shekara bakwai, a ɓoye, saboda Don Crisanto ya ce mace da jita a cinya ba a gidansa ba. Nan lemun ya faɗi. Mutumin da ya yi rabin shekara yana yi mini dariya, ashe shi da kansa ya bi mutane ɗaya ɗaya ya tara wa 'yarsa kuɗin jita. Ya buga tebur ya ce sai dai bayan ransa.

Ran Litinin Cayetano ya iso, ya miƙo jitar a akwatinta da bargonta. Da yamma aka buɗe akwatin a ɗakin ƙungiya, kowa yana leƙe ba mai taɓawa. Araceli ta ratsa ta ɗauka ta zauna. Wuyan ya shige tafinta kamar tare aka haife su. Don Crisanto ya ce in ta taɓa tsirkiya ɗaya zai fita, ta taɓa, ya nufi ƙofa. Ta kama wani kiɗa na garinsu. Ya kai hannu ga mariƙin ƙofa ya tsaya nan, ya ba mu baya. Da kiɗan ya zo inda mai waƙa ke shiga ba wanda ya shiga, sai ta sake zagayowa. A karo na uku waƙar ta kuɓuce masa, yana fuskantar ƙofa, har ya kai ƙarshe bai juyo ba. Da ya gama ya ce ta yi sauri a baiti na biyu.

Shekaranjiya aka yi biki. An soke sunana da jan fensir an rubuta nata a sama. Mutane sun zo har daga garin Remscheid, wasu manyan maza suna share ido da hula. Ni aka ba riƙon akwati.

Da aka tashi na tambaye ta ko dama jitar ce kawai. Ta ce da farko e. Ta ce ni na yi ƙarya don ta dube ni, ita ta yi ƙarya don ta samu jita, mun yi kunnen doki. Sannan ta ce akwatin yana bukatar mai ɗauka duk Lahadi, kuma hanyar gidansu da nisa.

A watan Agusta za mu zo, har da ubanta. Ita za ta kaɗa wa Fada Melchor.

Ɗanki,
Baldo

Granada, 8 ga Yuli

Ɗana Baldo,

Gaisuwa gare ka, da yarinyar, da uban nata mai taurin kai. Muna lafiya, kankana ta shigo da kyau, ciwon gwiwa kuma ya dawo tun da na daina fushi.

Na karanta wa Don Fulgencio wasiƙarka sau biyu. Ya ce a kawo masa yarinyar shago kafin a kai ta ko'ina, yana so ya ji aikinsa a hannun da ya yi wa. Na yi alfahari da kai da ka faɗi gaskiya, ko da yake a makare.

Yanzu ga wata 'yar magana. Ranar da wasiƙarka ta zo na yi niyyar in gaya wa 'yan kasuwa komai, ni ma da bakina. Na tsaya gaban rumfa na ce jama'a, Baldo ba zai kaɗa a Agusta ba. Sai Pura ta ajiye kwandonta ta riƙe ƙugu, ta ce da ma ita ta sani, tana wani murmushi. Ban san lokacin da bakina ya ce inji ne ya kama maka hannu a wurin aiki ba, likitocin Jamus sun ce kai da jita har abada, shi ya sa ka koya wa wadda za ka aura.

Abin ya fi ƙarfina yanzu. Fada ya sa an yi maka addu'a ran Lahadi, mata sun kunna kyandir, Pura da kanta ta zo da kuka ta kawo mini kaza. Na cinye kazar.

Don haka in za ka sauka daga bas, ka sauko da bandeji. Sai dai a kasuwa na ce hannun dama ne, wurin mai burodi kuma ina jin hagu na ce. Ka ɗaure duka biyun. Kwana goma sha biyar ne kawai, abinci kuwa yarinyar ta ba ka a baki.

Innarka,
Eufemia